Wane mugun Doctor Who ya cancanci kuɗinka a wasan sauraro?

Wanda ya tashi da rediyo a kunne ba ya bukatar a koya masa yadda murya kaɗai ke gina gari da mutanensa. A kan wannan kamfanin Big Finish na Ingila ya kafa sana'arsa. BBC ta dakatar da Doctor Who, shirin talabijin na almarar kimiyya, a 1989 bayan ya fara tun 1963, sai kamfanin ya karɓi lasisi a 1999 ya riƙa kiran tsofaffin 'yan wasan suna maimaita rawarsu a gaban makirufo. Jerin da suke fitarwa wata-wata ya kai 275 kafin a rufe shi a 2021, ban da sauran rassa. Mai shiga shafinsu karon farko kansa sai ya ɗaure. To ni ma'aunina guda ne: tunda ba ganin mugun za ka yi ba, sayi wanda yake da abin faɗa.

Da wannan ma'aunin, Spare Parts na 2002 shi ne a gaba, kuma da tazara. Marc Platt ya rubuta shi, Peter Davison ne Dakta, wato jarumin shirin da 'yan wasa daban-daban suka fito a matsayinsa, labarin kuwa asalin Cybermen ne, mutanen nan da aka sauya musu gaɓoɓi da ƙarfe, waɗanda suka fara bayyana a talabijin a 1966. Duniyarsu Mondas ta yi nisa da rana, samanta ya daskare, sauran jama'ar sun koma wani birni a ƙarƙashin ƙasa suna mutuwa sannu a hankali. Babu wani azzalumi da ya zauna ya ƙulla sharri. Likitoci ne ke neman yadda mutane za su rayu, yau a sa wa wannan zuciyar roba, gobe a cire wa wancan abin da ke sa shi jin tsoro. Akwai wurin da wata yarinya, Yvonne, ta dawo gidan mahaifinta ba a gama juyar da ita ba, tana kuka da muryar inji, uban yana lallashinta kamar yadda ya saba. Na saurari wurin nan da dare, fitila a kashe, sai da na tsayar da shi na ɗan zauna shiru. Ba ka bukatar sanin komai game da shirin kafin ka saya, kuma wannan babban abu ne ga sabon shiga.

Na biyu a wurina Davros ne na 2003, rubutun Lance Parkin. Davros shi ne masanin kimiyyar da ya ƙirƙiri Daleks, miyagun halittun da ke cikin sulken ƙarfe, Terry Molloy kuma, wanda ya riƙe rawar a talabijin daga 1984 zuwa 1988, shi ya dawo da ita. Abin da ya sa nake yaba shi: babu Dalek ko ɗaya a ciki. Wani hamshaƙin kamfani ne ya farfaɗo da Davros ya ba shi aiki, Dakta na Colin Baker ya ga ba shi da mafita sai ya karɓi aiki kusa da shi don ya sa masa ido. Sai ka ji mutumin da ya hallaka al'ummarsa yana nazarin kasuwar hannun jari da sanyin murya, ana kuma komawa baya ana nuna yadda hassada ta cinye shi tun yana da cikakken jiki. Wasan yana da tsawo, ya haura awa biyu, kuma hira ta fi faɗa yawa. Idan ya kama ka, I, Davros na 2006 mai kashi huɗu ya bi rayuwarsa tun yarinta, ba Dakta a ciki. Amma kada ka fara da I, Davros.

Davros ɗaya ne cikin wasanni uku masu sunan miyagu da aka fitar lokacin cikar shirin shekara 40. Master, mai sunan wani tsohon abokin gabar Dakta, wanda Geoffrey Beevers da Sylvester McCoy suka yi, kusan duka a gida ɗaya yake faruwa: wani likita mai tabon fuska da ya manta ko shi wane ne ya gayyaci abokansa biyu cin abincin dare. Muryar Beevers mai laushi ce ƙwarai, laushin ne ma ke tayar da tsigar jiki. Mai son harbe-harbe zai gaji da shi. Na ukun, Omega, kuwa a ajiye shi sai an kalli labarin talabijin Arc of Infinity na 1983, domin daɗinsa ya rataya a kan wancan.

Daleks fa, ai su ne suka fi suna? Su ne, tun Disambar 1963, amma a kunne suna da matsala. Muryar da Nicholas Briggs yake yi musu, wadda ita ce ta talabijin tun da shirin ya dawo a 2005, tsawa ce da aka bi da ita ta na'ura, kuma idan uku suka haɗu suna ihu na minti goma kai yana ɗaukar zafi, balle ga wanda Turancin Ingila bai gama zama masa a kunne ba. Shi ya sa Jubilee na Robert Shearman ya fi mini jerin Dalek Empire da aka fara a 2001. A Jubilee Dalek ɗaya ne tak, a ɗaure a Hasumiyar Landan ana gana masa azaba, ya zama sojan da ba shi da mai ba shi umarni, mutanen da ke tsare da shi kuma sun fi shi muni. Daga wannan labarin aka samo kashin talabijin mai suna Dalek a 2005. Akwai barkwanci mai ɗaci a ciki wanda ba kowa zai so ba.

Sai The War Master, inda Derek Jacobi ya koma rawar Master da ya taɓa takawa a talabijin a 2007. An fara jerin a 2017, sautinsa ya fi na tsofaffin tsabta, Jacobi kuma gwani ne na gaske. Illarsa ga aljihu ce: a kundi ake sayar da shi, labari huɗu a haɗe, kuɗinsa ya ninka na tsofaffin sau da yawa, kuma kundi ɗaya yana jan ka zuwa na gaba.

Maganar kuɗi ke nan. Fitowar farko-farko, inda Spare Parts da Jubilee da Davros da Master suke, su ne mafi arha idan saukewa za ka yi. Da fam ake biya, don haka ga mai saye daga Kano ko Maraɗi saukewa ta manhajarsu ta fi jiran faifai da kuɗin aikowa. Suna kuma ajiye wasu kashin farko kyauta, sai ka gwada kunnenka da lafazin kafin ka fitar da ko sisi. Ka sa abin sauraro a kunnuwa biyu, domin an tsara sautin ne ta yadda taku zai fito ta hagu ya wuce dama, lasifikar waya kuwa tana haɗiye rabin wannan aikin. Idan guda ɗaya kuɗinka zai saya a wannan watan, Spare Parts ne, Davros ya jira albashi na gaba.