Shafin Holocaust Denial on Trial: abin da na tarar a ciki

Wani bidiyo ne ya yi ta yawo a WhatsApp, wani Bature yana ta kumfar baki wai kisan kiyashin da 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa a Yaƙin Duniya na Biyu ƙage ne, wai masu "sake bitar tarihi" sun tona asiri. Wanda ya turo min ya ce in kawo hujja in ina da ita. Neman hujjar ne ya kai ni shafin intanet na Holocaust Denial on Trial (wato musun wannan kisan kiyashi a gaban kotu), na Jami'ar Emory da ke Amurka. Kyauta ne, ba a biyan ko sisi.

Shari'a guda aka gina shafin a kanta. A 1996 marubucin nan ɗan Ingila, David Irving, ya maka Farfesa Deborah Lipstadt da kamfanin ɗab'i na Penguin a kotun Landan bisa zargin ɓata suna, don ta kira shi mai musun kisan kiyashin a littafinta na 1993. A dokar Ingila wanda aka yi ƙara shi zai tabbatar da gaskiyar maganarsa. Saboda haka lauyoyinta suka ɗauko masana tarihi, ba su kira ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda suka tsira daga sansanonin ba. An fara zama a Janairun 2000, Mai Shari'a Charles Gray ya yanke hukunci ranar 11 ga Afrilu. Duk abin da aka faɗa a kotun yana shafin: zaman kowace rana, rahotannin masana, da hukuncin sukutum.

Rahoton Richard Evans na Jami'ar Cambridge shi ya fi riƙe ni. Aikinsa ya yi kama da na malaman hadisi wajen bin isnadi: ya ɗauki kowace madogara da Irving ya kafa hujja da ita, ya bi ta har takardar asali, ya duba ko ta faɗi abin da aka ce ta faɗa. Ga misali. Ranar 30 ga Nuwamba 1941 Himmler, shugaban rundunar SS ta 'yan Nazi, ya rubuta ɗan taƙaitaccen bayanin wayar da ya yi da babban jami'insa Heydrich, cewa Yahudawan da aka ɗauko daga Berlin kada a kashe su. Irving ya mai da wannan hujjar cewa Hitler ya hana kashe Yahudawa baki ɗaya. Da aka koma ga takardar, sai ga shi jirgin ƙasa ɗaya tak ake nufi, kuma babu shaidar cewa umarnin daga Hitler ya fito. Mutanen cikin jirgin ma, kusan 1,000, an harbe su a kusa da Riga, babban birnin Latvia, a ranar. Ai cewa kada a kashe waɗannan ya nuna kisa ake yi.

Sai batun Dresden, birnin Jamus da jiragen Ingila da Amurka suka yi wa ruwan bama-bamai a Fabrairun 1945. Irving ya daɗe yana yayata wata takarda mai cewa mutum 202,040 suka mutu. Ta jabu ce, sifili aka ƙara a kan 20,204. Kwamitin masana da birnin ya kafa ya ce a 2010 adadin bai wuce 25,000 ba. Evans ya nuna cewa kurakuran Irving gefe ɗaya suke karkata: mamatan Jamusawa su ƙaru, na Yahudawa su ragu, Hitler ya fita fes. Mai kuskure da gaske yakan ɓata ta dama ya ɓata ta hagu. Wannan ma'aunin na ɗauka, kuma yana aiki a kan kowane littafin tarihi.

Akwai sashen gajerun amsoshi ga tambayoyin da aka saba ji, nan ya kamata mai gaggawa ya nufa. Nan na fahimci labarin Fred Leuchter, wanda bidiyon can ya kira injiniya alhali ba shi da lasisin aikin. A 1988 ya ɓanɓaro bango a Auschwitz, sansanin kisa na 'yan Nazi a Poland, aka gwada, ya ce gubar da ke ɗakunan da aka kashe mutane ba ta kai ta ɗakunan feshin tufafi don kashe kwarkwata ba. Abin da bai lissafa ba shi ne kwarkwata ta fi ɗan Adam jure wa Zyklon B, gubar da aka yi amfani da ita, nesa ba kusa ba, sai an ƙara yawan gubar an kuma bar ta sa'o'i masu yawa. Ga shi gubar a fatar bango kawai take tsayawa, shi kuwa manyan gutsattsari ya kai, aka niƙe su gaba ɗaya.

Haka zancen allon Auschwitz da a da aka rubuta a kansa cewa mutum miliyan 4 aka kashe a wurin. Lissafin Tarayyar Sobiyet ne, kuma binciken Franciszek Piper na gidan tarihin wurin ya tsaya a kusan miliyan 1.1. Masu musu sukan ce to a cire bambancin daga miliyan 6 da ake cewa jimillar Yahudawan da aka kashe. Amma tun asali masana ba da adadin Sobiyet suka yi lissafi ba. Masanin tarihi Raul Hilberg ya kai miliyan 5.1 tun 1961 ta hanyar takardun Jamusawa da ƙidayar jama'a ƙasa-ƙasa. Wato gyaran tarihi na gaskiya ana yin sa, kuma masana ne da kansu suke yi.

Sai dai fa shafin ba na kishingiɗe ba ne. Turancin kotu ne, ga sunayen ofisoshi da muƙaman Jamusanci birjik, rahoton Evans kaɗai ya haura shafi 700. Babu Hausa. Sannan mai karatu ya sani cewa a Emory Lipstadt take koyarwa, wato shafin na ɓangare ɗaya ne na shari'ar. Abin da ya kwantar min da hankali shi ne ba a toshe bakin Irving ba. Shi ya kare kansa ba lauya, kuma jawabansa da tambayoyin da ya yi wa masanan duk suna nan kalma-kalma. Alƙalin ma bai hana shi haƙƙinsa ba: ya yaba da saninsa na tarihin soja, sannan ya yanke cewa da gangan ya riƙa murɗa hujjoji saboda aƙidarsa, kuma mai ƙin Yahudawa ne.

Na san wasu a cikinmu ɓacin ran abin da ake yi wa Falasɗinawa ke sa su karɓi irin wancan bidiyon hannu bibbiyu. Ɓacin ran yana da dalilinsa, amma ba zai goge rubutun da Himmler ya yi da hannunsa a 1941 ba.

Wanda zai shiga, shawarata ya fara da hukuncin Gray, don alƙalin ya jera zargi da amsar Irving gefe da gefe kafin ya faɗi matsayarsa. Daga nan sai zaman da Irving ya yi wa Robert Jan van Pelt, ɗaya daga cikin masanan, tambayoyi kan zanen gine-ginen Birkenau, wani sashe na Auschwitz. Rahoton Evans a bar shi sai an sami hutu da babban allon kwamfuta.