Gouy ko Quincke: wace hanya ce za ta nuna abin da zafi ke yi wa ruwa a gaban maganaɗisu?

Ƙanena, ka tambaya a zauren nan wace hanya ta fi dacewa da aikinka na kammala digiri, ta Gouy ko ta Quincke, tunda kana son auna yadda ruwa ke amsa maganaɗisu, ka kuma ga ko zafi na canza amsar. Ɗauki ta Gouy. Amma tsaya ka ga lissafin, kada malamin da ke duba aikin ya nemi dalili ka yi zuru.

Ruwa na cikin abubuwan da maganaɗisu ke turewa, irin waɗanda Michael Faraday ya bayyana a 1845. Turin ba shi da wani ƙarfi: a zafin digiri 20 na Salshiyas, adadin da ke nuna yadda ruwa ke amsa maganaɗisu kusan −9.0 ne cikin miliyan a ma'aunin SI, wato tsarin awo na ƙasa da ƙasa, alamar ragin kuma turi take nufi. Idan ka ɗumama ruwan daga digiri 20 zuwa 80, amsar kowane giram ɗaya tana ƙaruwa da abin da bai wuce kashi 1 cikin 100 ba. Wannan ɗan kashi ɗayan kake farauta, da shi kuma za mu gwada hanyoyin biyu.

Ta Quincke, Bajamushe, ita ce mai sauƙi. Bututun gilashi ne mai siffar U, siririn hannunsa na tsakanin bakunan maganaɗisun lantarki, kana duban saman ruwan da madubin ƙara girma. Da ka kunna maganaɗisun, ruwan zai yi ƙasa. A ƙarfin tesla 1 (tesla shi ne ma'aunin ƙarfin maganaɗisu), saukar kusan milimita 0.37 ce, kashi ɗayanta kuwa bai kai milimita 0.004 ba. To ga inda gizo ke saƙa: ruwa na hawa siririn bututu da kansa, a bututu mai faɗin milimita 2 yakan hau kusan milimita 15, kuma hawan na raguwa da kusan milimita 0.03 a kowane digiri. Wato zafin ya gota da digiri ɗaya tak tsakanin karatu biyu, kuskuren ya ninka abin da kake nema sau bakwai ko takwas. Ban ma yi maganar tururin da zai rufe gilashin ba. Don samun adadin a zafin ɗaki, hanyar ba ta da laifi.

Ta Gouy, Bafaranshen da ya fito da ita a 1889, awon nauyi ce. Ana rataye dogon bututu cike da ruwa a ƙarƙashin sikeli, gindinsa a tsakiyar maganaɗisu, samansa can inda ƙarfin ya ƙare. Bututun da faɗin bakinsa ya kai santimita murabba'i 1 zai rage nauyi da kusan miligiram 36 a tesla 1. Kashi ɗaya na wannan ya kusa miligiram 0.4, sikelin ɗakin gwaji mai karanta miligiram 0.1 kuwa zai gan shi, ko da da ƙyar. Sai dai tana da nata ciwon kan. Bututu mai zafi na tayar da iska a gefensa, sikelin ya riƙa rawa, don haka ka auna maganaɗisun na kashe, a kunna shi, a sake kashewa, ka ɗauki bambancin. Ka auna bututun babu ruwa ma, gilashi shi ma yana amsawa. Fanka kuwa dole a kashe ta, wanda a Kano cikin watan Afrilu wata jarrabawar ce daban.

Akwai wasu abubuwan da ke kayar da ɗalibai. Litar ruwa giram 998 ce a digiri 20, a digiri 80 ta koma 972. Sikelin Gouy amsar kowace lita yake ji, ba ta kowane giram ba, saboda haka za ka ga turin ya ragu da zafi, alhali amsar kowane giram ƙaruwa ta yi. Sai ka raba da nauyin litar a wannan zafin kafin ka zana jadawali. Iskar ɗakin ma ba ta zauna haka kawai ba: iskar oksijin maganaɗisu janta yake, kuma gyaran da za ka yi dominta ya kai kusan kashi 4 cikin 100. Ƙarfin turin kuma yana bin ninkin ƙarfin maganaɗisun ne da kansa, lantarki ya motsa da kashi 1, karatunka ya motsa da kashi 2. Kada ka dogara da wutar gari ko janareto ba tare da na'urar daidaita lantarki ba.

Ka manta da ruwan leda da na burtsatse, tataccen ruwan ɗakin gwaji za ka nema, ka tafasa shi don kada kumfa ta maƙale a bututun. Ka rufe bakinsa, musamman da hunturu, ƙurar na ɗauke da ƙarfe.

Da ni ne, zan haɗa da bututu na biyu mai ruwan gishirin manganis. Shi maganaɗisu janyo shi yake yi, kuma bisa dokar Pierre Curie ta 1895, amsar gishirin za ta faɗi da kusan kashi 17 cikin 100 tsakanin digiri 20 da 80. Idan kayanka sun kasa nuna wannan, ka gyara su tukuna kafin ka zuba ruwa zalla.