Dinyar maƙwabta ta addabi tsakar gidanka? Duba nan kafin ka kashe kuɗi

A Daura yanzu ba abin mamaki ba ne ka ga mutum ya sayo dinya biyu ko uku don ƙawata gida, ya sake su suna yawo a unguwa. Shi yana jin daɗin kallonsu, kai kuma da ka shuka alayyahu da salak a bayan ɗaki kai ke kwana da takaici. Dinya ba kamar kaza ba ce mai tonon ƙasa. Kiwo take yi kamar tunkiya, ɗanyen ganye mai taushi shi ne abincinta, kuma kashinta ba ya yankewa. In macen ta kwanta kan ƙwai, wanda yakan ɗauki wajen kwana 30, namijin yakan zama mafaɗaci, ya miƙe wuya ya bi yaro da cizo.

Abin da na fi ba mutane shawara shi ne ragar waya. Dinyar gida tana da nauyin jiki, ba ta iya tashi sosai, don haka shinge mai tsayin mita 1 ya ishe ta. Amma wayar iri-iri ce. Ta kaji, mai ƙananan ramuka, ta fi araha, sai dai tana lanƙwashewa in akuya ta goga jiki da ita. Mai walda ta fi tsada, ta fi tsayuwa, tana kuma daɗewa. Kowacce za ka ɗauka, ka ce wa mai shago wadda ba ta tsatsa kake so, in ba haka ba damina biyu ta gama da ita. Ka kuma duba faɗin ramin da idonka. Dinya wuya gare ta, in kanta ya shige sai ta cinye layin farko na shukarka tana tsaye a waje. Shi ya sa ake barin tazarar kamu ɗaya tsakanin waya da fangali, a kuma danne gindin wayar da ƙasa ko bulo.

Wanda aljihunsa bai kai nan ba, zana ko darnin kara suna yi, har ma sun fi waya da abu guda: suna tare gani, abin da tsuntsuwa ba ta hango ba kuwa bai cika jan ta ba. Matsalarsu gara, da iskar farkon damina. Kusan duk shekara sai ka sabunta, in ka tara kuɗin shekaru kaɗan za ka ga ka biya kuɗin waya.

Mutum-mutumi, tsofaffin faifan CD da leda mai ƙyalli kuwa, kada ka sa musu rai. Dinya tana da wayo, kwana kaɗan ta gane abin ba ya motsi, sai ka tarar da ita tana kiwo a gindinsa. Sai dai in za ka riƙa sauya masa wuri kullum.

A intanet za ka ga maganin feshi da ake amfani da shi a Amurka, mai sinadarin da ke ba inabi ƙamshi, wanda tsuntsaye ba sa so. An yi shi ne don filin ciyawa, ruwa na wanke shi, ga tsadar shigo da shi. Akwai kuma famfon da ke watsa ruwa in ya ji motsi, amma yana buƙatar ruwa mai ƙarfi a bututu dare da rana. Gida nawa ne ke da wannan a unguwanninmu? Kare yana korarsu ƙwarai, sai dai ba kowane magidanci zai ajiye kare a tsakar gida inda ake alwala da salla ba. Guba kam kada ma ka fara, kajinka da 'ya'yanka a wannan ƙasar suke wasa, ga rigima da maƙwabci har gaban mai unguwa.

Masu lambu a bakin madatsar Daberam ko Sabke lissafinsu daban ne, domin dinyar daji, mai ƙaya a fiffike, tashi take yi, gajeren shinge ba ya tare ta. Can sai tsaro da sassafe da yamma.

Kafin ka tafi kasuwa, zagaya gidanka tukuna. In akwai ruwan da ke kwanciya a wurin wanke-wanke ko bakin kwatami, ka gyara masa hanya, ka daina barin dusar kaji a buɗe. Sannan ka auna kewayen fangalin kaɗai da igiya, ba gidan duka ba, ka tafi da awon wurin mai waya.