Zauren WhatsApp ko Google Classroom: Amsa ga Malamin Lissafi

Malam, ka ce kana koyar da lissafi a ajin ƙarshe na sakandare, ɗalibanka sun kusan saba'in, kuma kana son ci gaba da bitar jarrabawar WAEC da NECO da su bayan an tashi daga makaranta, shi ne kake tambayar wanne ya fi tsakanin buɗe zaure a WhatsApp da buɗe aji a Google Classroom, manhajar koyarwa ta kamfanin Google. Kafin ka zaɓa, ka fara tambayar ɗaliban wayar wa za su riƙa amfani da ita, domin amsarsu ce za ta raba gardamar.

Fifikon WhatsApp shi ne ya riga ya shiga gidaje. Yaron da ba shi da waya zai ari ta mahaifiyarsa ko ta yayansa bayan sallar isha'i, ya saurari bayanin da ka naɗa da murya, ya ɗauki hoton aikin da ya yi a littafinsa ya turo, ba tare da wani ya koya masa komai ba. Kamfanonin layi kuma suna sayar da data mai rahusa ta kafafen sada zumunta kaɗai, wadda ba ta buɗe Classroom. Zaure ɗaya yana ɗaukar mutum 1,024, saboda haka yawan ɗalibanka ba matsala ba ne.

Sai dai ba don karatu aka gina shi ba, kuma za ka gane hakan a makon farko. Idan yara saba'in suka turo hotunan aikinsu a zaure ɗaya, a tsakanin gaisuwar Juma'a da sanarwar ɗaurin aure, ba za ka iya tantance wanda ya kawo da wanda bai kawo ba sai ka riƙe rajista a takarda, sannan na ƙarshe zai kwafi amsar na farko tunda kowa yana ganin na kowa. Abin da ya fi damuna ma shi ne lambobin waya, domin kowane ɗan zaure yana ganin lambar sauran, kuma a ajin da ke da 'yan mata wannan kaɗai ya isa ya sa uba ya hana 'yarsa shiga, ni kuwa ba zan ga laifinsa ba.

Google Classroom, wanda aka fito da shi a 2014, ya magance waɗannan. Za ka ba ɗalibai lambar shiga aji, ka ɗora aiki tare da ranar rufe karɓa, kowa ya miƙa nasa ba tare da wani ya gani ba, manhajar ta nuna maka wanda ya kawo da wanda ya makara, ka sa maki ka rubuta gyara ga kowane yaro shi kaɗai. Darasin watan Janairu yana nan a ƙarƙashin babinsa har ranar jarrabawa, ba ya nutsewa cikin surutu. Matsalarsa ita ce kowane ɗalibi sai ya mallaki asusun Google, kuma ƙa'idar kamfanin ita ce makarantar da za ta yi amfani da shi da ɗalibanta ta yi rajistar asusun makarantu, wanda ke nufin sai shugaban makarantarku ya sa hannu a maganar. Ga yaron da ke aron waya na minti ashirin, shigar da asusunsa a wayar wani da tuna kalmar sirri ba ƙaramin aiki ba ne.

Shawarata ita ce, idan mafi yawan ɗalibanka wayar gida za su ara, ka ɗauki WhatsApp amma ka ɗaure shi da ƙa'ida. Ka saita zauren yadda masu kula da shi kaɗai ne za su iya aika saƙo, ka buɗe shi na sa'a ɗaya a ranakun da ka ware don tambayoyi, ka sa wata malama da wakilin iyaye cikin masu kula da shi, aikin gida kuma a kawo maka shi a littafi washegari. Idan kuwa suna da wayoyinsu kuma makaranta ta yarda ta yi rajista, Classroom zai rage maka wahalar duba aiki ƙwarai, sai WhatsApp ya tsaya a sanarwa kawai.

Duk wanda ka ɗauka, ka ajiye kwafin darussanka a kwamfuta ko a filashi. Edmodo, wanda aka kafa a 2008 domin irin wannan aikin kuma malamai da yawa a duniya suka dogara da shi, an rufe shi a watan Satumba na 2022, kuma abin da malami bai sauke ba kafin ranar ya tafi tare da shi.