Hutun mai jinyar gigin tsufa: Ɗa'if ko gida?

Duk lokacin da zafin Makka ya tsananta, sai 'yan'uwa su yi ta tambayata: "Yaya, mu tafi Ɗa'if da Hajiya mu sha iska, ko mu huta a gida?" Shekara 3 ke nan ina jinyar mahaifiyata, ga abin da na gani.

Wajen kuɗi babu gardama. Tafiya na cin riyal: mota, hayar ɗaki, abinci. Hutun gida bai wuce ki roƙi ƙanwarki ta karɓe ki kwana biyu ba.

Ɗa'if dai akwai sanyi, tana kan duwatsu, kuma tafiyar ba ta kai awa 2 a mota. Sai dai mai gigin tsufa da sabo yake rayuwa. Ɗakin da bai sani ba yana ƙara rikita shi, musamman da magariba, lokacin da ruɗewar ke tashi. Ranar da muka je, Hajiya ta kwana neman ƙofar banɗakinta na gida, ni kuma na kwana gadinta kada ta fice. Ga kwanar hanyar Hada, wadda ake bi a hau dutsen zuwa Ɗa'if, da ta sa ta jiri. Wannan hutu ne?

Amma gida ma yana da nasa: ko an karɓe ki, da ta kira sunanki za ki miƙe.

Idan ciwon bai yi nisa ba, kuma ku biyu ne masu kula, Ɗa'if za ta yi. Wadda tsohuwarta ke yawon dare kuwa, ta raba kwana da dangi, ta kashe waya, ta yi barcinta a ɗakin da ke nesa.