Agolin Ruminant: me yake yi wa saniya a lokacin haihuwa?

Agolin Ruminant gauraye ne na man tsirrai da ake haɗawa a ƙasar Suwizalan, yana zuwa kamar gari a buhu, ana sa shi a abincin shanu. A ciki akwai man 'ya'yan koriyanda, wani tsiro mai ƙamshi da ake sawa a girki, da sinadarin eugenol, mai ba kanumfari ƙamshinsa. Aikinsa a tumbi yake, wajen daidaita ƙananan ƙwayoyin halittar da ke narkar da ciyawa.

Giram 1 kacal saniya ke buƙata a rana, kuma a nan ake yawan yin kuskure. Idan aka barbaɗa shi kai tsaye a kwami, wata ta kwashe rabon uku, wata ta tashi a tutar babu. A fara cuɗa shi da dusa kofi guda, a juye a cikin dusa mudu guda a sake cuɗawa, sannan a haɗa da sauran abincin. A rufe buhun ruf a ajiye a inuwa, don zafi na fitar da man.

Ba ya aiki nan take. Tumbi na ɗaukar kamar mako 4 kafin ya saba, saboda haka a fara bayarwa wata guda kafin haihuwa, kada a tsallake rana.

Yana da amfani ga garken da abincinsa ya wadata, amma ba magani ba ne. Saniyar da ta haihu ta kwanta ta kasa tashi, kunnuwanta sun yi sanyi, ta daina tuƙa, yawanci sinadarin kalsiyam ne ya yi mata ƙaranci a jini. A kira likitan dabbobi a lokacin, kada a jira gari ya waye.