Gargaɗi ga masu tara tsofaffin wuƙaƙe a Kumasi: ana sayar da tsatsar kwana uku da sunan gadon kaka

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sha'awar tsofaffin wuƙaƙen aljihu, askar wanzamai da adduna. Akwai wasu masu talla a Facebook da WhatsApp da ke cewa suna nan Aboabo ko Asawase, wai wuƙar kakansu ce da ya yi soja zamanin Turawa, matsi ya sa za su rabu da ita. Da ka nuna sha'awa sai su ce ka tura rabin kuɗi ta MoMo (aika kuɗi ta waya), don wani Alhaji ma yana nema. Wanda ya tura, ko dai layin ya mutu, ko a aiko masa da sabuwar wuƙa da aka tsufar da gangan.

Aikin ba wuya: a jiƙa ƙarfen a ruwan gishiri ko ruwan batir, a binne shi a ƙasa mai laima 'yan kwanaki, a shafa wa ƙotar baƙin mai. Irin wannan tsatsa ja ce, gari-gari, tana kama yatsa. Ƙarfen da ya shekara da gaske baƙi-baƙi yake yi, sumul, ba ya gogewa. Ku buɗe wuƙar ku haska cikin kwarmin da take kwanciya da kuma gindin ƙusar da take juyawa a kai. Nan hannun maƙaryaci ba ya kaiwa, sai ku ga ƙarfe fes yana ƙyalli. Kuma wuƙar da ta yi shekara sittin a aljihu ta sha dutsen wasawa, cikinta ya rame. In faɗinta cikakke ne kamar jiya aka ƙera, ina shekarun suka tafi?

Sai tambari, inda suka fi faɗuwa. Wuƙar Okapi, mai zobe a baya, an fara ƙera ta a Solingen ta Jamus a 1902, sai a 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. Duk Okapi mai ɗauke da sunan Afirka ta Kudu ba ta ga zamanin Turawa ba, tunda Ghana ta sami 'yanci tun 1957. Wuƙar Douk-Douk ta Faransa sai a 1929 aka fara ƙera ta. Wuƙar Opinel mai zoben kulle daga 1955 ta fara. Ƙarfen da ba ya tsatsa a 1913 aka gano shi a Sheffield ta Ingila, don haka wuƙa mai rubutun Stainless da aka ce ta yaƙin da sarauniya Yaa Asantewaa ta yi da Turawa ce a 1900, ƙarya ce tsagwaronta. Ku sa farce a kan tambarin: na tsohuwar wuƙa bugawa ake yi, yana da zurfi. Na na'urar leza a sama yake, farce ba ya jin sa.

Ƙotar ƙaho kuwa, allura mai zafi a wuri ɓoyayye: ƙaho warin ƙonannen gashi yake yi, roba narkewa take. Amma kada a gwada haka a ƙota mai launi da sheƙi, wasu tsofaffin na seluloyid ne (wata irin roba ta zamanin da), wuta suke kamawa nan take.

A aska da adda ku nemi ɗinkin walda ko layukan injin gurza ƙarfe masu tafiya daidai wa daida. Da yawansu daga sifirin mota aka ƙera su kwanan nan. Maƙeran ba su da laifi, ƙarfe ne mai riƙe kaifi, mahauta na yabonsa, sai dai kuɗin kayan aiki ya kamata a biya, ba na kayan tarihi ba.

Kada a tura ko sidi ɗaya sai wuƙa ta zo hannu. A haɗu da rana a wuri mai jama'a kamar kasuwar Kejetia, a tafi da maƙeri ko tsohon mahauci. Wanda ya riga ya tura, ya ajiye lambar cinikin da hotunan hirar, ya kira kamfanin layinsa a ranar, sannan ya kai wa 'yan sanda.